Muhammadu Alkashinawi: Malamin Lissafin Katsina da Hikimar Jera Lambobi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani malami a Tambuwal ko Kebbe, ko wani gari daga cikin garuruwan ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa ganin hatimi ba. Shi ne zanen nan mai gidaje tara, ko goma sha shida, ko ashirin da biyar, wanda akan yi a gindin allo ko a takardar laya, a cika gidajensa da lambobi ko haruffa. Galibin jama'a sun ɗauke shi abin tsibbu kurum, 'yan boko kuwa sukan kau da kai daga gare shi, suna ganin babu wani ilmi a ciki. Kaɗan ne suka lura da cewa ginin hatimi lissafi ne tsantsa, kuma ɗaya daga cikin malaman da suka yi fice kan wannan fanni a duniyar Musulmi cikin ƙarni na 18 mutumin ƙasar Katsina ne, watau Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi.

Wannan maƙala za ta kawo tarihin rayuwar wannan bawan Allah, da malamansa, da tafiye-tafiyensa, da littattafansa. Sa'an nan za ta duba irin lissafin da ya shahara da shi, ta kuma gwada shi da wata matsala da masu rubuta manhajar kwamfuta suke aiki a kanta, watau yadda za a fitar da 'yan abubuwan da ke kan gaba daga cikin tari mai yawa, ba tare da an wahala wajen jera tarin duka ba.

Asalinsa da Ƙasar da Ya Tashi

Bafulatani ne, kamar yadda sunansa ya nuna. Marubucin tarihin nan na Misira, Abdurrahman Aljabarti, wanda shi ne ya fi kowa kawo labarinsa a cikin littafinsa Aja'ibul Asar, ya danganta shi da Katsina da kuma Ɗanranko, wani tsohon gari a kudancin ƙasar Katsina. An haife shi a wajejen ƙarshen ƙarni na 17.

A wancan zamani Katsina ta riga ta daɗe da zama garin malamai. Tun cikin ƙarni na 15 Musulunci ya kafu a fadarta. Shehu Magili ya zauna a cikinta a ƙarshen wannan ƙarni, haka kuma Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahimu wasiƙar nasiha. Wannan ya nuna cewa hulɗar ilmi tsakanin Katsina da Misira ta girmi Alkashinawi da kusan shekara ɗari biyu. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591, ayarin fatake na hamada ya ƙara karkata zuwa ƙasar Hausa, Katsina kuwa ta sami rabo mai tsoka. Tare da gishiri da tufafi da takarda, littattafai ma suka riƙa shigowa. Cikin ƙarni na 17 aka yi waliyyan nan biyu da Katsinawa ke tinƙaho da su, Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667. Don haka Alkashinawi ya buɗe ido ne a ƙasar da karatu ya riga ya zama sana'a mai daraja, inda ɗalibi kan ɗauki buzunsa da gafakarsa ya bi malami duk inda ya ji labarinsa.

Neman Ilminsa

Aljabarti ya ambaci malamai huɗu da ya yi karatu a wurinsu kafin ya bar ƙasashen Sudan. Akwai Shehu Muhammadu ɗan Sulaimanu, wanda ake dangantawa da Barno da Bagarmi, watau Muhammadul Wali mai littafin tauhidin nan Manhajul Farid. Akwai Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu, da Shehu Muhammadu Bindu. Biyun ƙarshe su ne suka fi tasiri a kansa.

A wurin Shehu Muhammadu Fodu ya fara samun buɗi. Ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karanta littattafan adabi da nahawu da sarfu. Saboda yadda ya haddace Maƙamatu, yana kuma iya kawo kalmominsu duk sa'ad da aka bukata, malamin ya yi masa laƙabi da mai Maƙamatu. Da ya ƙware a nahawu kuwa, sai ya sake masa laƙabi da Sibawaihi. Wannan laƙabi ba ƙaramin yabo ba ne, domin Sibawaihi shi ne limamin masana nahawun Larabci tun ƙarni na 8, alhali kuwa shi ma ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne.

A wurin Shehu Muhammadu Bindu ya karanta usulu, da balaga, da manɗiƙi, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Alfiyyar Iraƙi kan ilmin hadisi, ya kuma saurari Buhari. Bugu da ƙari, a wurinsa ne ya koyi hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin haruffa da aufaƙi, duk bisa tafarkin malaman Magrib. Aufaƙi jam'i ne na wafaƙi, shi ne sunan da malamai ke kiran hatimin lambobi da shi a Larabce, saboda dacewar jimillar layukansa.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan karatu a ƙasashen Sudan ya yi shi. Sa'ad da ya isa Gabas, ya isa da ilminsa a ƙirji. Haka kuma jerin fannonin da ya karanta ya nuna cewa a wancan zamani ba a raba lissafi da sauran karatun addini ba. Mai rabon gado yana bukatar hisabi, ladan yana bukatar sanin lokuta, mai gina masallaci yana bukatar sanin alƙibla.

Tafiyarsa Makka da Zamansa a Misira

Da ya ƙoshi da abin da ke wurin malaman ƙasarsa, sai ya yi niyyar sauke farali. Tafiyar Makka a wancan lokaci takan ci shekaru, kuma ba kowa ke komowa ba. Ya ratsa dauloli da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya tsaya har wata biyar wurin wani malami, ya karanta ilmin ramli, watau abin da Hausawa ke kira bugun ƙasa. Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, sa'an nan ya zauna a Makka na ɗan lokaci. A can ne ya fara rubuta babban littafinsa Addurrul Manzum.

Daga Hijaz ya wuce Alƙahira, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Turkawa Usmaniyawa, masallacin Azhar kuwa yana cike da ɗalibai daga ko'ina, har da na Barno da sauran ƙasashen baƙar fata. A nan ya gama gyara Addurrul Manzum a watan Rajab na shekara ta 1146. A nan kuma ya haɗu da Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya rayu daga 1698 zuwa 1774. Shi Shehu Hasan malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafiyya, ya kuma shahara ƙwarai a ilmin taurari da lissafi da gyaran ma'aunai, gidansa kuwa matattarar malamai ce. Duk da wannan matsayi nasa, sai ya zauna gaban baƙon nan na Katsina ya karanta ilmin aufaƙi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya zama ɗan gida, ya kuma zama malamin maigidan.

Rasuwarsa

Allah bai nufe shi da komowa Katsina ba. Ya rasu a shekara ta 1154, watau 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Kafin rasuwarsa ya yi wasiyya ga Shehu Hasan ya kula da abin da ya bari, har da littattafansa. Shehu Hasan ya yi masa sutura, ya binne shi a maƙabartar da ake kira Bustanul Ulama, watau lambun malamai, ya gina alama a kan kabarinsa, aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Bayan shekara goma sha wani abu aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, aka sa masa Abdurrahman. Wannan yaro bai ga Alkashinawi ba, amma ya tashi a gidan da littattafansa suke, kuma shi ne ya girma ya rubuta tarihin Misira, ya sa Bakatsinen nan cikin jerin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani.

Rubuce-rubucensa

Daga cikin littattafansa akwai Bulugul Arab kan nahawu, da Minahul Ƙuddus, waƙe kan manɗiƙi, wanda ya yi masa sharhi da kansa. Addurrul Manzum kuwa ya shafi taurari da ɗalasimai, ya kuma gina shi a kan wani tsohon littafi mai suna Assirrul Maktum da ake jingina wa Fakhruddin Arrazi. An buga shi daga baya a ɗab'i, ya yaɗu a ƙasashen Musulmi. Amma wanda ya fi jawo hankalin masana lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, kan ilmin haruffa da aufaƙi, wanda ya kammala a shekara ta 1145.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa malamai sun daɗe suna saɓani kan amfani da haruffa da hatimai don neman biyan bukata. Tun cikin ƙarni na 13 littattafan Shehu Albuni suka yaɗa wannan fanni, Ibn Haldun kuwa ya soke shi a Muƙaddimarsa, ya haɗa shi da sihiri. Wannan hukunci na malaman shari'a ne. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne ginin lambobin kansa, wanda gaskiyarsa ba ta dogara da abin da mai rubutun ya yi nufi da shi ba. Jimillar huɗu da tara da biyu goma sha biyar ce, ko a kan allon malami ko a kan allon makarantar boko.

Lissafin da Ke Cikin Hatimi

Ƙaramin hatimi shi ne mai gida tara, wanda malamai ke kira musallasi, suna jingina shi ga Imamu Gazali. Ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 kamar haka:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Mai gida tara ana iya dacewa da shi ta hanyar gwaji, a yi ta sauya lambobi har a samu. Amma idan gidaje suka kai 25, ko 49, ko 81, mai gwaji zai tsufa bai gama ba. A nan ne aikin irin su Alkashinawi ya fito fili, domin sun tattara ƙa'idoji waɗanda in mutum ya bi su daki-daki, hatimin zai fito daidai ko da bai san dalili ba. Alkashinawi ya fi mai da hankali ga hatimai masu adadin mara, watau masu layi 3, ko 5, ko 7, har abin da ya yi sama, ya kuma kawo hanyoyi iri-iri na gina su.

Ga misalin wata tsohuwar ƙa'ida irin wadda malaman Musulmi suka sani. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama, ana sa lamba ta gaba. In an faɗa waje ta ƙasa, sai a ɓullo ta sama. In an faɗa waje ta dama, sai a ɓullo ta hagu. In aka tarar gidan da za a shiga da mai shi, sai a koma gidan da aka tsaya, a sauka gida biyu a miƙe, a ci gaba. Wanda ya bi wannan da lambobi tara zai sami musallasin da ke sama. Wanda ya bi ta da lambobi 25 zai sami wannan:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Kowane layi a nan 65 ne. Ƙa'idar ba ta sauyawa: mai layi 7 zai ba da 175, mai layi 9 zai ba da 369.

Malaman wannan fanni suna da sunaye ga lambobin da suka fi muhimmanci. Ƙaramar lamba ita ce miftahu, watau mabuɗi. Babba ita ce miglaƙu, watau makulli. In aka haɗa su biyu, sai a sami adalu. A hatimin da aka gina ta wannan hanya, lambar da ke tsakiyar jeri ita ce ke zama a gidan tsakiya, 5 a na farko, 13 a na biyu, kuma duk gidaje biyu da ke fuskantar juna ta bayan gidan tsakiya jimillarsu adalu ce, kamar 4 da 6, ko 11 da 15. Saboda haka in ana son musallasi mai wata jimilla daban, ba sai an sake lissafin gidaje tara ba. Alal misali, sunan Allah a lissafin abajada 66 ne. Sai a cire 12 daga 66, saura 54, a raba uku, a sami 18. Wannan ne mabuɗi. Makulli zai zama 26, tsakiya 22, sauran kuwa su bi sawu:

21 26 19
20 22 24
25 18 23

Darasin da ke nan shi ne, a cikin jerin lambobi ba duka ne darajarsu ɗaya ba wajen aiki. Wanda ya san na farko, da na ƙarshe, da na tsakiya, ya riƙe linzamin jerin.

Dangantakarsa da Aikin Kwamfuta

Kwamfuta ba ta da hankali. Abin da take yi shi ne bin umarni mataki bayan mataki, kamar yadda ɗalibi zai bi ƙa'idar hatimin da aka kawo a sama: fara daga nan, yi kaza, in ka tarar da kaza yi kaza, maimaita har ka gama. Irin wannan tsararren umarni shi ake kira algoridim, kalmar kuwa ta samo asali ne daga sunan Alhawarizmi, malamin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9. Jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba yana daga cikin ayyukan da kwamfuta ta fi yi. Sai dai sau da yawa ba jerin duka ake bukata ba. Hukumar jarrabawa na iya son ɗalibai goma da suka fi kowa maki daga cikin dubbai. Mai bincike a intanet shafin farko kawai yake dubawa. A irin wannan hali jera komai da komai ɓarnar lokaci ce, sai a jera sashen da ake so, a bar sauran a hargitse.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A ɗauka wani ya shiga kasuwar Tambuwal gab da babbar salla yana son raguna uku mafiya girma daga cikin ɗari. Ba zai tsaya jera ɗarin ba. Zai riƙe ukun farko a ransa, ya san wanne ne ƙaraminsu. Duk ragon da ya gani sai ya gwada shi da ƙaramin nan kaɗai. In bai kai shi ba, ya wuce. In ya fi shi, ya maye gurbinsa. Sa'ad da ya kai ƙarshen kara, uku mafiya girma na hannunsa, bai kuma san wanne ne na hamsin ko na saba'in ba, don bai bukaci sani ba. Haka kwamfuta ke yi, sai dai tana ajiye zaɓaɓɓun a wani tsari mai kama da tsibi, wanda na kansa kullum shi ne abin gwadawa. Wani Bature mai suna Williams ne ya bayyana wannan tsari a 1964.

Akwai hanya ta biyu. Mai saye zai kama rago ɗaya ya mai da shi ma'auni, ya ware waɗanda suka fi shi gefe guda, waɗanda ba su kai shi ba gefe guda. In waɗanda suka fi shi sun kai uku, sai ya manta da ɗaya garken ɗungurungum, ya sake yin haka a cikin manyan. Kowane zagaye garken na raguwa. Wani masani ɗan Ingila mai suna Hoare ne ya buga wannan dabara a 1961, kuma da ita ake iya gano na tsakiyar jeri, ko na goma, ko na ɗari, ba tare da an jera sauran ba.

Misali na uku daga fagen kokawa yake. A ce 'yan kokawa 64 sun taru bayan kaka daga ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, a kuma ɗauka mai ƙarfi kullum shi ke kayarwa. In aka haɗa su bibbiyu, wanda aka kayar ya fita, karo 63 ya isa a san gwani. To, wane ne na biyu? Mutane za su ce wanda aka kayar a karon ƙarshe. Ba lalle ba ne, domin mai yiwuwa na biyu na gaskiya ya yi rashin sa'a ya gamu da gwanin tun karon farko. Wani malamin lissafi na Jami'ar Oxford, Charles Dodgson, wanda aka fi sani da Lewis Carroll, ya yi rubutu kan wannan aibi a gasar tanis a 1883. Maganin kuwa mai sauƙi ne. Na biyu na gaskiya babu mai kayar da shi sai gwani, don haka yana cikin mutum shida da gwanin ya kayar da hannunsa. Karo biyar tsakanin su shida ya isa. Jimilla karo 68 ke nan an san na ɗaya da na biyu, alhali jera dukan 64 ɗin bisa tabbaci zai iya cin karo fiye da 290.

Alkashinawi bai ga kwamfuta ba, bai kuma yi rubutu kan zaɓen raguna ko gasar kokawa ba. Bai dace a jingina masa abin da bai yi ba. Dangantakar tana cikin salon tunani ne, ta fuska biyu. Ta farko, mai da aiki mai wuya ya zama ƙa'ida wadda kowa zai iya bi ya sami sakamako ɗaya. Ta biyu, gane cewa 'yan wurare kaɗan a cikin jeri, farko da ƙarshe da tsakiya, su ne ke ɗauke da nauyin aikin. Mabuɗi da makulli da tsakiya da malamin aufaƙi ke fara nema, su ne ƙarami da babba da matsakaici waɗanda mai manhaja ke koyon fitarwa tun a darussansa na farko.

Sunansa Bayan Rasuwarsa

Ba a manta da shi a gida ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi cikin malaman wannan ƙasa a littafinsa Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta a 1812. Lissafin haruffa irin wanda ya karanta kuwa ya ci gaba da rayuwa a hannun masu jihadi da zuriyarsu, a Sakkwato da Gwandu da ribaɗoɗi irin su Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda shi ma malami ne kuma mawaƙi, ya zauna. Duk ɗalibin rubutattun waƙoƙin Hausa ya san ramzi, watau kalmar da marubuci kan sa a ƙarshen waƙa don nuna shekarar da ya yi ta, kamar yadda ake gani a waƙoƙin Nana Asma'u. Ramzin ƙasar Hausa yana bin lissafin Magrib ne, inda harafin shinun yake 1000, saɓanin na Gabas inda yake 300. Shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 19 yake yawan ɗaukar wannan harafi. Bisa wannan lissafi, shekarar rasuwar Alkashinawi za ta fito da haruffa huɗu: shinun 1000, ƙafun 100, nunun 50, dalun 4, jimilla 1154. Wanda ya warware ramzi da lissafin Gabas zai yi kuskuren shekaru ɗaruruwa.

A zamanin boko, Bivar da Hiskett sun kawo labarinsa a nazarinsu na 1962 kan rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin jihadi. Malam Hassan Gwarzo ya yi nazarin bayaninsa kan ramzi a 1967. A 1973 kuma wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa hatimansa a littafinta kan lissafi a Afirka, daga nan sunansa ya shiga littattafan tarihin lissafi a ƙasashen waje.

Kammalawa

Tarihin Shehu Muhammadu Alkashinawi ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa da fiye da shekara ɗari da hamsin, makarantun zaure na ƙasar Hausa da Barno sun iya yaye ɗalibin da zai je Alƙahira ya karantar da masanin lissafinta. Amma littattafansa da Larabci suke, mafi yawan nazarin da aka yi a kansu kuma da harsunan Turai. Ɗalibin lissafi ba ya karanta Larabcin ƙarni na 18, almajirin da ke zana hatimi kuma ba a taɓa gaya masa cewa ƙa'idar da ke hannunsa 'yar'uwar abin da ake koyarwa a sashen kwamfuta ba ce. Harshen da waɗannan biyu suka yi tarayya a kansa shi ne Hausa. Don haka akwai aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i: a fassara sashen lissafi na Bahjatul Afaƙ, a tattara kalmomin hisabi da ke bakin malaman zaure tun tsofaffin da suka san su suna raye, a kuma duba waɗanda za su yi amfani wajen koyar da ilmin kwamfuta da Hausa. Mabuɗi da makulli da adalu kalmomi ne da suka riga suka yi aiki shekaru aru-aru, ba su bukatar a ƙirƙiro su.

Allah ya jiƙan Shehu Muhammadu Alkashinawi da malamansa, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.